Yatsan Mahauci a Kan Sikelin Jarirai

A layin mahauta, rumfar da ke dab da famfo, akwai wani gajeren mutum kakkaura da ake kira Ba-Tsoro. Ba wata bajinta ya yi aka saka masa sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana saurayi, in mace ta zo sayen nama ta ga jini ta kau da kai, sai ya bugi ƙirji ya ce, "Mu nan ba tsoro!" Ya faɗa, ya faɗa, har kalmar ta manne masa. Yau in aka kira shi da sunan, shi yake fara dariya kafin mai kiran, kuma in ka kuskura ka zauna a bencinsa sai ya ba ka labarin dalili, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

A gaban ubansa ya koyi fawa. Yana ɗan ƙarami ake ba shi hanji ya wanke, da ya tasa aka miƙa masa wuƙa. Cikin dabba ya san shi fiye da ɗakin kwanansa. Ko ido rufe zai laluba ya ce maka ga hanta, ga saifa, ga tumbi, ga matsarmama, kar ka taɓa ta ta fashe ta ɓata maka nama. Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko hannunsa: in ya ɗaga tsoka ya jinjina sau ɗaya, ya faɗi nauyinta, sikeli sai dai ya ba da shaida. Na biyun ba ya faɗa a fili, wato babban yatsansa na dama. In ya ɗora nama a farantin sikeli, sai ya kalli mai saye cikin ido yana tambayarsa ya gida ya yara, shi kuwa yatsan yana can gefen faranti yana nasa aikin. Ya ce kowa a layin yana yi. Gaskiya ne kowa yana yi, amma in ana maganar gwaninta, sauran duk yaransa ne.

'Ya'yansa uku, duk maza, duk sun kawo ƙarfi, kuma ba wanda ya yarda ya gaji wuƙa. Shi da matarsa sun riga sun sallama haihuwa. Furfura ta cinye masa rabin gemu sai ga ciki. Ya shiga kasuwa yana tafiya da ƙyar don jin kai, mai tumatir na gefensa yana ce masa, "Tsoho, a hankali dai, kar ƙafar ta karye kafin a haihu."

Ana cikin awo aka ɗauki hoton cikin, aka ce an ga wani ɗan abu a cikin jaririn, sai an haihu za a duba da kyau. Matarsa ta dawo jiki a sanyaye ta gaya masa. Ya ce, "Na'ura ce fa. Na'urar da ko tumbin akuya ba ta taɓa wankewa ba, ita za ta gaya mini abin da ke cikin cikin wani ciki?" Ya ci abincinsa ya yi barci har da minshari.

Aka haifi mace, 'yar fara sol mai gashi kwance. Suka kira ta Auta. Mutumin da ko 'ya'yansa maza bai cika ɗauka ba, sai ga shi yana wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yana shinshinawa ko da sauran ƙarni, kafin ya karɓe ta. Ya so yarinyar nan, so irin wanda ke sa babba ya zama wawa.

Sai dai Auta ba ta riƙe nono. Ta kama da ƙarfinta, ta sha, jim kaɗan sai ta dawo da shi duka a kafaɗar uwar. Ta yi kuka, a sake ba ta, ta sake amayarwa.

Suka koma asibiti. Bayan hotuna da gwaje-gwaje aka shigar da su wajen likitar tiyatar yara, wata mata siririya mai gilashi, da hannuwa ƙanana kamar na 'yar makaranta. Ba-Tsoro ya fara kallon hannuwan ya raina su a zuci. Ta juyo musu da hoton ta nuna da bakin alƙalami.

"Kun ga wannan baƙin da'irar? 'Yar jaka ce mai ruwa, manne a jikin tumbinta. Da ita aka halicce ta, ba laifin kowa ba ne, kuma ba kasafai ake samun irinta ba. Ita ce take danne hanyar da abinci zai wuce, shi ya sa take amai. Dole a cire."

"A cire ta yaya?" in ji shi.

"Ba buɗe cikin za mu yi ba. Huji ƙanana uku za mu yi. Ta cibiya mu zura kyamara, ta sauran biyun mu zura kayan aiki, muna kallo a allo. Mu zuƙe ruwan, mu ɓare jakar, mu zaro ta."

Ba-Tsoro ya yi murmushin manya. Ya san irin wannan magana, don shi ma yana yin ta. In mai saye ya ce, "Naman da taushi?" ai ba a taɓa jin mahauci ya ce a'a ba. Huji uku! Shi da ya shekara talatin da ɗoriya yana fito da tumbi ya san ba ya fitowa sai an tsaga tun daga ƙirji har mara. Kuma jakar ruwan ma ya san ta. Yakan same ta a hantar tunkiya, kuma duk ranar da malamin dabbobi ya gani a mayanka, ba jakar yake cirewa ba, hantar gaba ɗaya yake jefawa a bokitin shara. Ya dubi Auta a hannun uwarta, cikin nata duka bai cika tafin hannunsa ba.

"Ranki ya daɗe, mun gode. Za mu je mu yi shawara."

"Wace shawara, Maigida?" in ji matarsa.

"Shawara dai."

Likitar ta cire gilashi ta murza ido. Ta ce ba za ta yi aiki ba sai da yardarsu su biyu, kuma ba ta so a ja lokaci. Amma tunda ya kafe, ta gindaya sharaɗi: a riƙa kawo ta awo a kai a kai. In nauyinta yana ƙaruwa, za a iya ɗan jinkirtawa ta ƙara ƙwari. In yana raguwa, to babu sauran jira. Ya ce ya yarda, yana jin ya ci ciniki.

Suka koma gida. Matarsa ta shige madafa. Ta ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Da ma ita ba mai hayaniya ba ce, in ta yi fushi shara take yi, kuma a kwanakin nan sai da tsakar gidan ta kusa ƙarewa.

A nan ne hannun da yake taƙama da shi ya juya masa baya. Kullum da safe kafin ya fita mayanka sai ya ɗauki Auta. Ba da niyyar awo yake ɗaukarta ba, amma hannu ba ya neman izini. Jiya ta fi yau nauyi. Shekaranjiya ta fi jiya. Ya canza hannu, na hagun ma ya faɗi abin da na daman ya faɗa. Ya ce ko don zanin yau ya fi na jiya shara-shara ne. Ya ce ko don shi ne ya ƙara ƙarfi.

"Kai, yarinyar nan nauyi take yi," ya ce wata safiya, da murya irin ta kasuwa.

Matar ta ɗago ta dube shi. "Baban yara, ni na ɗauke ta wata tara, ni nake ɗauke da ita wuni. Ni za ka sayar wa wannan maganar? Dubi wuyanta. Dubi fatar cinyarta."

Bai duba ba, don ya riga ya gani. Ya fita ya je rumfa ya yanke kansa a yatsa, abin da rabonsa da yi tun yana yaro. Mai tumatir ya ba shi tsumma ya ɗaure, ya ce, "Wanzami dai ba ya son jarfa." Ba-Tsoro ya zage shi, amma zagin ba ƙarfi.

Ranar awo ta zo. Ɗakin awon ƙarami ne, da benci biyu, da hoton wata uwa tana shayarwa manne a bango, da sikelin jarirai a kan tebur, fari, mai faranti kamar kwale-kwale da lambobi masu haske a gaba. Nas ɗin wata dattijuwa ce mai jiki, ta shimfiɗa tawul, ta ce a tuɓe yarinyar a kwantar. Ba-Tsoro ya ce shi zai kwantar da ita. Ya kwantar. Ya dubi nas ɗin cikin ido.

"Hajiya, ya aiki? Ya yara? Kai, kuna ƙoƙari wallahi."

Shi dai har gobe rantsuwa yake bai shirya ba. Ya ce yatsan ne da kansa ya gane faranti ya tafi wurin aikinsa. Ko ma dai yaya ne, lambobin suka hau, suka wuce na awon baya, suka ƙara gaba. Da yake bai san sikelin asibiti ba, sai ya zarce. Ya ba jaririyar da haƙarƙarinta ke ƙirguwa nauyin ɗan wata uku.

Nas ta dubi lambobin, ta dubi Auta, sannan ta sauke ido a hankali zuwa gefen faranti.

"Baba," ta ce, "ɗage yatsan."

"Wane yatsa?"

"Wannan dai. Na san shi farin sani. Shekara da shekaru ina sayensa haɗe da nama a rumfar kusa da famfo, ban taɓa samunsa a tukunya ba. Can na yafe. Nan ba zan yafe ba. Ɗage."

Matan da ke kan benci suka tuntsire da dariya. Matarsa ba ta yi ba. Ya ɗage yatsan.

Lambobin suka gangaro. Suka wuce na wancan awon, suka ci gaba da sauka, suka tsaya daidai inda hannunsa ya gaya masa tun da asuba. Dariyar ta mutu a ɗakin. Auta ta buɗe baki za ta yi kuka, sai wata 'yar murya ta fito siririya, wadda ba ta kai ƙofa ba. Ba-Tsoro ya ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Aka kai su wurin likitar. Nas ta raɗa mata abin da ya faru. Ya zaci za ta yi faɗa, ya ma fi so ta yi, sai kawai ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, me kake tsoro? Faɗa mini."

Ya dubi tsumman da ke yatsansa. "Likita, ni aikina ke nan. Na buɗe ciki ya fi a ƙirga. Duk wanda na buɗe, ba wanda ya tashi. Kuma a wurinmu, in an ga jakar ruwa a abu, abin ake yarwa gaba ɗaya. In kika yar da tumbinta, da me za ta ci abinci?"

Ba ta yi dariya ba, ko da yake ya ce ya ga gefen bakinta ya motsa. Ta aika aka kawo wani tire. Ta ɗauko wani dogon ƙarfe siriri, kaurinsa bai kai na alƙalami ba, ta matsa gindinsa, sai wani ɗan baki ya buɗe a can ƙarshe ya rufe. Ta ba shi ya riƙe. A hannunsa kamar ba komai.

"Tumbinta yana nan, ba inda za shi. Jakar kawai za mu ɓare, in ta bar rauni mu ɗinke. Amma ba zan ce maka babu haɗari ba. Jaririya ce, za a sa ta barci, kuma ta rame. Sannan in na shiga na ga abin ya manne fiye da yadda hoto ya nuna, zan buɗe cikin sosai, ba zan tsaya ina jayayya da shi ba. Abin da na tabbata shi ne, in muka bar ta haka, raguwa za ta ci gaba da yi."

Wannan ce maganar da ta shige shi. A duk zamansa na kasuwa bai taɓa ganin mai yaudara ya juya kaya ya nuna maka inda yake da aibi ba. Ya dubi matarsa. Ta ce, "Ni tun ranar farko na yarda. Kai ake jira." Ya sa hannu a takardar.

Aka kwantar da su, aka yi wa Auta ƙarin ruwa ta ɗan farfaɗo. Ranar aikin da hantsi wata nas ta zo ta karɓe ta daga hannun uwar, ta shige da ita ta wata ƙofa mai murfi biyu, ƙofar ta yi ta kaɗawa har ta tsaya. Suka zauna a barandar da ke warin maganin goge ƙasa. Matar tana jan carbi. Shi kuwa ya tashi, ya zauna, ya je ya karanta sanarwar wanke hannu da ke bango har ya haddace, ya dawo. Duk wanda ya fito da koren kaya sai ya duba takalminsa ko da jini. Ya yi wa Allah alkawura masu yawa a barandar nan, waɗanda ya ce in za a bi shi bashinsu, sai ya rufe rumfa.

Can bayan azahar likitar ta fito, ta sauke ƙyallen bakinta. "An gama. Ta fita duka, ba mu buɗe ba. Tana farkawa."

Matar ta durƙusa a wurin tana hamdala. Da aka ba su izinin shiga, suka tarar da Auta a ɗan gadon gilashi, da siririn tiyo a hanci. Ba-Tsoro ya leƙa cikin. Filasta uku, kowace ba ta fi farcensa ba, ɗaya a cibiya, biyu a gefe. Ya leƙa ta wancan gefen. Ya so ya juya ta ya duba baya, nas ta buge masa hannu.

Da wani ne da sai ya gode wa Allah ya yi shiru. Amma hali zanen dutse.

"Likita, ba raini ba. An dai yi aikin kuwa? Ko kun shiga kun ga ba za ta yiwu ba kuka lallaɓa kuka fito?"

"Zo ka gani," ta ce.

Ta kai shi wani ɗan ofis ta kunna allo. Da ma kyamarar tana ɗaukar komai. Sai ga ciki ya cika allon, an hura shi da iska ya yi sarari kamar ɗaki, jajir, yana sheƙi. Ya gane komai nan take. Ga hanta can sama. Ga saifa. Ga tumbi, ga kuma jakar a jikinsa, ta kumbura tana ƙyalli. Har ya ɗaga yatsa zai fara yi wa likita bayani, sai ya lura da abin da bai taɓa gani ba a shekarunsa duka na fawa. Komai yana motsi. Hantar tana hawa tana sauka da numfashi. Wata 'yar jijiya tana bugawa, ɗis, ɗis, ɗis. Cikin da ya sani duk a kwance yake shiru. Wannan mai rai ne, kuma na Auta ne. Sai ɗan bakin ƙarfen nan ya shigo daga gefe ya kama jakar, wani ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba ya fito.

Abin da ya sani bayan nan shi ne yana kwance a ƙasa, ƙafafunsa a kan kujera, ana masa fifita da kwalin magani. Dattijuwar nas ɗin nan ta ɗakin awo, wadda Allah ya kawo ta wucewa, tana tsaye a kansa.

"Wa kuka ce sunansa a kasuwa?"

"Ba-Tsoro," in ji matarsa, tana dariya hawaye na zuba.

Kafin a sallame su labari ya riga shi isa layin mahauta. Ranar da ya koma, mai tumatir ya tare shi da gudu ya rufe kwandonsa da buhu, wai kar ya ga ja ya faɗi. Har yau in an yanka babban sa, sai wani ya ɗaga murya ya ce a kawo wa Ba-Tsoro kujera. Ya daina zaginsu. Shi ma yanzu in ya zo wurin suman a labari, har kwatantawa yake yi, ya karkace ya riƙe teburin nama.

Auta ta fara da 'yan ɗigo, sannan nono sosai. Ranar farko da ta sha ta yi gyatsa ta yi barci, uwar ta zauna da tsumma a kafaɗa tana jiran aman da bai zo ba. Shi kuwa a kwanakin nan ƙin ɗaukarta ya yi da safe. Ya ce hannunsa yana ƙarni. Matar ta san ba ƙarni ba ne, tsoron abin da hannun zai gaya masa yake, sai ta ƙyale shi.

Da ranar awo ta zagayo suka koma ɗan ɗakin nan mai benci biyu. Nas ta shimfiɗa tawul, ta dube shi ta saman ido.

"Baba, hannu baya."

Ya mai da hannuwa baya ya sarƙe su, na hagu yana riƙe da babban yatsan dama kamar an kama ɓarawo. Uwar ta kwantar da Auta a faranti. Huji ukun sun zama 'yan ɗige, na cibiyar ma ba a ganinsa. Yarinyar ta harba ƙafa ta callara kuka, wanda aka ji har baranda. Lambobin suka yi rawa, suka hau, suka wuce na ranar kunyarsa, suka wuce nauyin da aka haife ta da shi, suka tsaya.

Ba-Tsoro ya karanta, ya sake karantawa. Hawaye suka gangaro masa cikin gemu, kuma ya kasa sharewa, don bai yarda ya saki yatsan ba.

"Hajiya," ya ce, "ki shaida ban taɓa ba. Duk nata ne."